Tseren Warware Sudoku da Harshen XSLT: Wa Zai Riga Wani?

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwana ɗalibai da kuma iyayenmu, a wannan fitowa ta mujallarmu ina so in yi bayani a kan wata tambaya wadda ta shafi duk mai sha'awar lissafi da aikin kwamfuta. Tambayar ita ce, idan mutum biyu suka ba kwamfuta aiki iri ɗaya, me ya sa ta ɗaya takan gama nan da nan, ta ɗayan kuwa ta yi ta jan ƙafa? Da yawa daga cikinmu mukan ce ai na'urar wane ce ta fi tsada. Har wani yakan sa mahaifinsa gaba da roƙon a sayo masa sabuwa, alhali kuwa ba nan gizo yake saƙar ba. Domin in nuna inda maganar take, zan ɗauki misalin wasan alƙaluma da ake kira Sudoku, da yadda ake gwada saurin manhajojin da aka rubuta don warware shi da wani harshen kwamfuta mai suna XSLT.

Mene ne Sudoku?

Sudoku wani allo ne mai gidaje 81, watau layi 9 a kwance, layi 9 a tsaye. An kuma raba allon zuwa akwati 9, kowane akwati yana da gida 9. Akan cika waɗansu gidaje tun farko, a bar sauran fayau. Aikin mai wasa shi ne ya cika su da alƙaluma daga 1 zuwa 9, amma da sharaɗin kada alƙalami ɗaya ya fito sau biyu a layin kwance ɗaya, ko a layin tsaye ɗaya, ko a cikin akwati ɗaya. Dokar ke nan, babu tarawa, babu ɗebewa.

Jera alƙaluma cikin gidaje ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Mun san hatimi, wanda ake jera lambobi a cikinsa yadda jimlar kowane layi za ta zo daidai da ta ɗan'uwansa. Wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin tsara irin waɗannan gidaje a shekarar 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Sai dai shi hatimi jimla yake nema, Sudoku kuwa hana maimaici kawai yake yi.

Shi Sudoku na zamani a Amurka aka fara buga shi a 1979, cikin wata mujallar kamfanin Dell, ana kuwa danganta ƙirƙirarsa ga wani mai zanen gine-gine da ya yi ritaya, Howard Garns. A 1984 kamfanin Nikoli ya kai wasan Japan, can ne ya sami wannan suna. Sa'an nan a watan Nuwamba na 2004 jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi, ta hannun Wayne Gould, mutumin New Zealand wanda ya taɓa yin alƙalanci a Hong Kong. Daga nan fa sai wasan ya game duniya.

Mene ne XSLT?

Akwai wata hanya ta rubuta bayani a kwamfuta da ake kira XML, wadda ta fito a 1998. A cikinta kowane guntun bayani yana zaune ne tsakanin lakabi biyu, na buɗewa da na rufewa, kamar yadda akan rubuta suna a jikin buhu don a san abin da ke ciki. Misali, gida ɗaya na Sudoku ana iya rubuta shi haka:

<gida kwance="1" tsaye="3">7</gida>

Ma'anarsa ita ce, a layin kwance na 1, layin tsaye na 3, akwai alƙalami 7.

To shi XSLT an yi shi ne don juya irin wannan rubutu daga wata siffa zuwa wata. A ce makaranta tana da sunayen ɗalibai da makinsu cikin XML. Sai a rubuta takardar umarni da XSLT, wadda za ta ce duk inda aka ga suna a ajiye shi nan, duk inda aka ga maki a ajiye shi can, har takardar sakamako ta fito tsaf. Hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ita ta fitar da XSLT 1.0 a watan Nuwamba na 1999, da XSLT 2.0 a Janairun 2007, da XSLT 3.0 a Yunin 2017. James Clark ne editan na farko, Michael Kay kuma editan na biyu da na uku. Takardar umarnin ba ta aiki ita kaɗai, sai an ba wata manhaja da ke karanta ta tana aiwatarwa, wadda zan riƙa kira injin juyi. Sanannu daga cikinsu su ne Saxon, wanda shi Michael Kay ya rubuta da harshen Java, da Xalan, da libxslt.

Kun ga ke nan ba don wasan alƙaluma aka yi XSLT ba. Amma a 2006, lokacin da Sudoku yake tashe, waɗansu masu rubuta manhaja sun ɗauki XSLT 2.0, tun kafin a kammala tabbatar da shi, suka rubuta takardun umarni masu warware Sudoku, suka riƙa gwada su a kan Saxon don ganin ta wa za ta riga. Ni a ganina wannan tsere ya fi na sauran harsuna koyar da darasi, saboda wata ɗabi'a da XSLT yake da ita.

Harshen da ba ya gogewa

Idan ni da kai muna warware Sudoku, fensir da abin gogewa muke riƙewa. Mu rubuta 4, in ba ta yi ba mu goge mu sa 6. Yawancin harsunan kwamfuta ma haka suke aiki. XSLT kuwa da biro yake rubutu. Da zarar ka ba wani abu suna ka ce ƙimarsa kaza ce, to shi ke nan, ba ta sākewa. In kana son ka sa alƙalami a gida ɗaya, sai ka fitar da sabon allo wanda ya yi daidai da tsohon in ban da wannan gida.

Saboda haka masu wannan aiki sukan ajiye allon a matsayin jerin lambobi 81, su sa sifiri a gidan da babu kome. Gida na 1 shi ne na kusurwar sama ta hagu, gida na 41 shi ne na tsakiya, a layin kwance na 5 da layin tsaye na 5. Sa'an nan su rubuta aiki guda wanda zai karɓi allo, ya cika gida ɗaya, ya sake kiran kansa da sabon allon. Haka zai yi ta kiran kansa har gidaje su ƙare, ko kuwa hanya ta toshe. Abin lura a nan shi ne kowane gwaji yana da tsada, tun da kowane gwaji sabon allo ne. Wanda ya yi gwajin banza sau dubu ya kwafi allo sau dubu a banza. Don haka a XSLT kasalar tunani ba ta ɓuya, agogo zai tona ta.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce ta makanta: a cika dukan gidajen da ko waɗanne alƙaluma, sa'an nan a duba ko an dace. Wannan ba ta ko shiga tsere. A 2012 Gary McGuire na wata jami'a a Dublin da abokan aikinsa sun tabbatar da cewa Sudoku mai amsa ɗaya tak ba zai kasa alƙaluma 17 na farawa ba. In an ba ka 17, saura gida 64. Yawan hanyoyin cika su da ka shi ne 9 sau 9 sau 9 har sau 64, lambar da in za a rubuta ta sai an jera alƙaluma 62. Babu na'urar da za ta ƙare wannan, kome tsadarta.

Hanya ta biyu ita ce gwaji da komawa baya. A fara daga gidan farko da babu kome, a sa ƙaramin alƙalamin da bai karya doka ba, a wuce gida na gaba. In an iske gidan da babu alƙalamin da zai shiga, sai a dawo baya a sāke na ƙarshe da aka sa.

Hanya ta uku ita ce duba kafin gwaji. Kafin a rubuta kome, sai a bi gidajen da babu kome, a lissafa alƙaluman da kowanne zai iya ɗauka. In akwai gidan da alƙalami ɗaya kaɗai zai shiga, a cika shi, ba gwaji. In babu, sai a zaɓi gidan da ya fi ƙarancin zaɓi a yi gwajin a can.

Bari mu gwada biyun nan na ƙarshe a kan ƙaramin allo mai gida 16, wanda ake cikawa da 1 zuwa 4, mai akwati huɗu, kowanne gida biyu a kwance biyu a tsaye:

_ 3 _ _
_ _ 4 _
_ _ _ 2
1 _ _ _

Mai hanya ta biyu zai fara da gidan farko. Ba zai sa 3 ba don tana layinsa, ba zai sa 1 ba don tana ƙasa da shi, saura 2 da 4. Sai ya sa 2. A gida na uku sai ya sa 1. Da ya zo gida na huɗu, 4 ce ta rage, ga shi kuwa akwai 4 a cikin akwatin. Hanya ta toshe. Sai ya koma can farko ya mai da 2 ta zama 4. A gida na uku ya sake sa 1, a gida na huɗu 2 ta rage, ga 2 kuwa a layin tsayen. Hanya ta sake toshewa. Sai a karo na uku ne zai sami 4, 3, 2, 1.

Mai hanya ta uku kuwa zai duba ya ga gida na huɗu yana da 3 a layinsa na kwance, da 2 a layinsa na tsaye, da 4 a akwatinsa. Ashe 1 ce kaɗai za ta shiga. Da ya sa ta, gida na uku ba shi da zaɓi sai 2, gidan farko kuma sai 4. Haka zai bi har ya gama allon bai yi gwajin banza ko ɗaya ba.

A ƙaramin allo bambancin toshewa biyu ne kawai. A babban allo kuwa abin ninkawa yake yi. A ce sai an yi gwaji goma a jere. In kowane gwaji tsakanin alƙaluma 2 ne, hanyoyin da za a iya bi su ne 1,024. In kuwa tsakanin alƙaluma 5 ne, sun zama 9,765,625. Wannan shi ne amfanin zaɓen gidan da ya fi ƙarancin zaɓi. Ko da ka sayi na'urar da ta ninka tawa sauri sau goma, ba ta cike wannan rata ba. Peter Norvig ya bi irin wannan dabara a wata maƙala da ya rubuta a 2006, inda ya yi amfani da harshen Python. Harshe dabam ne, amma tunanin ɗaya ne.

Ita ma dabara tana da kuɗinta

Kada dai mai karatu ya ɗauka cewa hanya ta uku ce ke cin tsere kullum. Duba kafin gwaji shi ma aiki ne. Kowane gida yana da maƙwabta 20 waɗanda bai kamata ya yi daidai da su ba: 8 a layin kwance, 8 a layin tsaye, da ƙarin 4 a cikin akwati. In gida 64 ne babu kome, leƙa maƙwabtansu duka sau ɗaya yana nufin leƙe 1,280, kafin a rubuta alƙalami ɗaya tak. Takardar umarnin da take sake wannan lissafi tun daga farko bayan kowane alƙalami tana biyan wannan kuɗi a kowane mataki.

Saboda haka a kan Sudoku mai sauƙi, wanda aka cika gidaje da yawa, mai hanya ta biyu yana iya rigan mai hanya ta uku, domin shi bai tsaya dogon nazari ba, kuma toshewar da zai gamu da ita kaɗan ce. Amma in aka kawo mai wuya sai labari ya sha bamban. Har akwai wani allo mai alƙaluma 17 da aka shirya musamman don wahalar da hanya ta biyu: layinsa na farko babu kome a ciki, amsar layin kuwa ita ce 9, 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2, 1. Wanda yake fara gwaji daga 1 sai ya bi kusan duk hanyoyin banza kafin ya iso ta gaskiya.

Ban da zaɓen hanya, akwai ƙananan dabaru na shi XSLT kansa. Na farko, a lissafa maƙwabtan kowane gida sau ɗaya tun farko a ajiye, maimakon a yi ta raba lamba da 9 a kowane mataki. Na biyu, a ajiye allon a matsayin jerin lambobi, domin gina sabon bishiyar XML mai lakabi 81 a kowane gwaji ya fi nauyi. Na uku, a rubuta umarnin yadda injin zai tsaya da zarar ya sami amsar farko. Saxon yana da halin jinkirta lissafi har sai an bukace shi, don haka in ka nemi amsa ta farko kaɗai yana iya barin sauran rassan bai taɓa su ba. In kuwa ka rubuta umarnin yadda dole sai ya tara dukan amsoshi kafin ya zaɓa, zai ci gaba da bincike bayan ya riga ya sami abin da ake nema.

Yadda ake gwaji na adalci

Wannan shi ne sashen da na fi so 'yan'uwana su riƙe, domin ya wuce maganar Sudoku. In wani ya ce maka takardarsa ta fi ta wane sauri, kada ka yi gardama, kada kuma ka gaskata. Tambaye shi yadda ya auna. Ga sharuɗɗan da nake ganin dole a cika:

Na ɗaya, na'ura ɗaya. Ba a gwada doki a tudu, a gwada wani a gangare, sa'an nan a ce wane ya fi gudu.

Na biyu, injin juyi ɗaya, fitowa ɗaya. Xalan da libxslt XSLT 1.0 suke karantawa, Saxon kuwa yana karanta na bayansa. In ka gwada takarda ɗaya a wannan inji, ɗayar a wancan, to injina ka gwada, ba takardu ba.

Na uku, alluna da yawa, masu sauƙi da masu wuya. Mun riga mun ga yadda allo ɗaya zai iya fifita wata hanya. Wanda ya zaɓi allon da ya dace da takardarsa kaɗai ya nuna wa jama'a, ya yi kamar ɗalibin da ya rubuta wa kansa tambayoyin jarrabawa.

Na huɗu, a ware lokacin shiri. Kafin Saxon ya fara aiki sai Java ta tashi, sai kuma an karanta takardar umarnin an tsara ta. Daɗin daɗawa, Java takan ƙara sauri bayan ta maimaita aiki sau da yawa. A kan allo mai sauƙi lokacin shirin nan yana iya fin lokacin warwarewar kanta. Maganin abin shi ne a maimaita gwajin sau da dama, a yar da na farko-farko, a ɗauki matsakaicin sauran.

Na biyar, a dubi mafi muni, ba matsakaici kaɗai ba. Takardar da ke gama alluna 99 cikin ƙiftawar ido amma ta maƙale a kan na 100, ba lalle ne ta fi wadda ke gama dukansu a hankali ba.

Na shida, wanda shi ne uban duka, a tabbatar amsar daidai ce. A bi layuka 9 na kwance, da 9 na tsaye, da akwati 9, watau rukuni 27, a ga kowanne yana da 1 zuwa 9, a kuma ga alƙaluman farawa suna nan inda aka ajiye su. Amsar da ba daidai ba, kome saurinta, sifiri ce. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Abin da za mu ɗauka

Wani zai ce, to mene ne amfanin wahalar da kai da harshen da ba a yi shi don wannan aiki ba? Gaskiya ne, in sauri zalla ake nema, manhajar da aka rubuta da harshe irin su C za ta bar ta XSLT a baya. Amma shi wannan tsere amfaninsa shi ne an ɗaure wa kowa hannu iri ɗaya: harshe ɗaya, inji ɗaya, allo ɗaya. Abin da ya rage a tsakanin masu tseren sai tunani. Kuma dabarun da aka koya a wurin, irin su kada a maimaita lissafin da aka riga aka yi, da tsayawa in an sami abin nema, su ne dai ake bukata ranar da za a juya bayanan ɗalibai dubu zuwa takardun sakamako.

Ga iyayenmu kuma ina cewa, yaron da yake son koyon wannan fanni ba sai ya jira na'ura mai tsada ba. Duk abin da na bayyana a sama ana iya fara shi da takarda da fensir. A 2005 Bertram Felgenhauer da Frazer Jarvis sun ƙidaya yawan cikakkun allunan Sudoku, suka sami 6,670,903,752,021,072,936,960. Ba ɗaya bayan ɗaya suka ƙirga su ba. Sai da suka zauna suka gano allunan da suke tagwayen juna, suka rage aikin ƙwarai, sa'an nan suka miƙa wa kwamfuta ragowar.

A ƙarshe ga ɗan aiki ga 'yan'uwana. Ku ƙarasa ƙaramin allon nan na sama. Bayan haka ku sami Sudoku mai gida 81 daga jarida ko littafi, ku kwafe shi gida biyu. Mutum ɗaya ya bi hanya ta biyu, ɗaya ya bi ta uku, na uku kuma ya riƙe agogo yana ƙirga sau nawa kowa ya yi gogewa. Ku sake yi da allo mai wuya, sa'an nan ku musanya hanyoyin domin kada a ce wane ne ya fi wane kaifin kai. Abin da kuka samu ku rubuta shi yadda ya fito, ko ya yi muku daɗi ko bai yi ba, ku kawo wa editan mujalla domin fitowa ta gaba.